Kimiyya a Bakin Hanya: Cire Tayar Bayan Babur da Mayar da Ita da 'Yan Kayan Aiki Kaɗan

Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ya san cewa babur ya daɗe da karɓe mafi yawan aikin da jaki yake yi a da. Shi ke ɗauko kwandunan tumatir daga fadamu, shi ke kai mazarƙwaila da buhunan masara kasuwar Makarfi, shi ke kai malami daga Hunkuyi ko Paki zuwa makarantarsa ta ƙauye, shi ne kuma motar asibitin mai naƙuda idan dare ya tsala. A bakin babbar hanyar Zariya zuwa Kano, kamar a Tashar Yari, ba a rasa mai faci. Amma da zarar an sauka kan burji ko hanyar gona, sai mutum ya yi tafiya mai nisa bai ga ko da famfo ba.

Hanyoyin nan kuwa cike suke da abokan gabar taya. Akwai ƙayar aduwa da ta bagaruwa da farar ƙaya, waɗanda manoma ke shinge da su, akwai tsinin kututturen dawa bayan girbi, ga kuma ƙusoshi. Tayar baya ta fi ta gaba shan wahala, domin ita ke ɗauke da mafi yawan nauyi, ita ke tura babur, kuma sau da yawa tayar gaba ce ke tayar da ƙusar da take kwance, ta baya ta zo ta taka ta a tsaye.

Wanda tayarsa ta sace a irin wannan wuri yana da zaɓi uku. Ko ya ci gaba da tafiya a kanta, ya tsattsaga tiyub ya lanƙwasa rim. Ko ya tura babur mai nauyin fiye da kilo 100 cikin rana, tumatir na nuna a kwando. Ko kuma ya cire tayar, ya bar wani yana gadin kaya, ya sami mai wucewa ya kai shi wurin faci. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan zaɓi na uku, a kan ƙananan babura masu birkin ganga irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Honda CG125. Abin da take son tabbatarwa shi ne: ƙarancin kayan aiki ba shi ne haɗari ba. Haɗarin yana wurin mayarwa, lokacin da aka manta wani ɗan ƙarfe da ba a san amfaninsa ba.

Abubuwan da Suka Riƙe Tayar

Abu huɗu ne suka haɗa tayar baya da jikin babur. Na farko shi ne aksil, wato dogon ƙarfen da ya ratsa cibiyar taya ya zauna a kan hannuwan baya guda biyu, da babban noti a ƙarshensa. Na biyu sarƙa, wadda ke kawo ƙarfin inji zuwa faifai mai haƙora. A mafi yawan baburan nan tana gefen hagu. Na uku siririn ƙarfen da ya taso daga matakin birki zuwa farantin birki a gefen dama. Na huɗu wani ƙarfe ne mai faɗi wanda ya ɗaure farantin birki da jikin babur don kada ya juya. A nan za a kira shi mariƙin faranti. A wasu baburan babu shi, sai dai wata tsaga a jikin farantin wadda ke shiga cikin wani ɗan tudu a hannun baya, aikinsu kuwa ɗaya ne.

Kayan aikin da ake buƙata ba su da yawa: sifana biyu da suka dace da kan aksil da notinsa (galibi tsakanin lamba 17 da 22), ƙaramar sifana lamba 10 ko 12, wata lamba 14, filaya, sukundireba, tsumma, da guntun itace.

Kimiyyar Sifana

Tun kafin a taɓa komai, babban notin aksil ne ke fara gagarar mutane, domin sifanar da ke zuwa tare da babur gajera ce. Maganin wannan yana cikin ƙa'idar liba, wato sandar da ake banƙara abu mai nauyi da ita, wadda masanin Girka Arkimidis, da ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya yi bayaninta da lissafi. Abin da ke juya noti shi ne ƙarfin murɗa, ana kuma samun sa ne idan aka ninka ƙarfin hannu da tsawon sifana. Ma'auninsa shi ne nuton-mita.

Alal misali, a ɗauka wani noti yana buƙatar nuton-mita 60 kafin ya motsa. Da sifana mai tsawon santimita 15, sai hannu ya ba da nuton 400, kwatankwacin ɗaga kilo 40. Da mai tsawon santimita 30, nuton 200 sun isa. Idan aka zura wa sifana guntun bututu ta kai santimita 60, nuton 100 kawai ake buƙata, wato kamar ɗaga kilo 10. Notin bai canja ba, tsawon hannun ne ya canja.

Jikin ɗan Adam kansa cike yake da liba, sai dai akasarinsu an gina su ne don sauri, ba don ƙarfi ba. Jijiyar ƙwanji tana manne da ƙashin hannu kimanin santimita 4 daga gwiwar hannu, alhali tafin hannu yana nesa da gwiwar da kamar santimita 32. Saboda haka idan mutum ya riƙe kilo 5 a tafinsa, ƙwanjinsa yana jan abin da ya kai kimanin kilo 40, ninki takwas ke nan. Sifana tana juya wannan lissafi ne ya koma wajen mai aiki. Shi ya sa ƙaramin yaro da bututu zai kwance abin da ya gagari ƙato da gajerar sifana.

Sai dai wannan ƙa'ida takobi ce mai kaifi biyu. Mutum mai nauyin kilo 60 da ya hau kan sifana mai santimita 30 da ƙafa ya ba da kusan nuton-mita 180, ninki uku na misalin da ya gabata. Wannan kan cinye zaren noti ko ya miƙe aksil. Don haka bututu na kwancewa ne. Ɗaurewa kuwa da ƙarfin hannu ake yi.

Matakan Cirewa

1. A nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a kashe inji, a cire makulli, a sauke kaya. A jira salansa ta huce, domin ƙunarta a ƙwauri ko damtse tana da wuyar warkewa.

2. A shimfiɗa buhu ko kwali a ƙasa. Duk abin da aka cire a ajiye shi a kai bisa jerin da ya fito, na hagu a hagu, na dama a dama. Wanda ke da waya mai kyamara ya ɗauki hoton gefe biyu kafin ya fara. Wannan mataki shi ne ya fi kowane muhimmanci, shi ne kuma aka fi rainawa.

3. A miƙe ƙafafun ɗan fin da ya ratsa notin aksil da filaya, a zare shi, sa'an nan a sassauta notin tun taya tana ƙasa. Idan aka bari sai an ɗaga babur, ƙarfin murɗawar zai iya kifar da shi. A riƙa jan sifana zuwa jiki maimakon turawa, don idan ta suɓuce kada 'yan yatsu su daki ƙarfe.

4. A kafe babur a kan babban matokarinsa na tsakiya. Idan ƙasa tana da yashi, a sa katako ko faffaɗan dutse a ƙarƙashi. Idan babur ba shi da wannan matokari, a tura turmi ko gungumen itace ko cikakken buhu ƙarƙashin firam, ba ƙarƙashin salansa ba. Mai ɗagawa ya durƙusa ya ɗaga da ƙarfin cinya, bayansa a miƙe.

5. A kwance notin da ke ƙarshen siririn ƙarfen birki, ana ƙirga juyi nawa ya yi kafin ya fita. A taka birki don ƙarfen ya zame, a adana sifirin da ɗan mulmulallen ƙarfen da ke wurin.

6. A cire fin da noti da wosha na mariƙin faranti, a raba shi da farantin.

7. A duba irin babur ɗin. A wasu, faifai mai haƙora yana manne da cibiyar taya, dole a sassauta notocin jan sarƙa na gefe biyu, a tura taya gaba, a sauke sarƙa daga haƙora. A wasu kuwa, musamman da yawa daga cikin masu rufaffen gidan sarƙa, faifan yana da nasa babban noti dabam wanda ke riƙe shi a hannun hagu. A irin wannan ba a taɓa sarƙa ko kaɗan, an huta.

8. A cire notin aksil, a tallafi taya daga ƙasa da ƙafa ko katako don nauyinta ya sauka daga kan aksil, a zare shi ana jujjuyawa. Idan ya ƙi, a mayar da noti daidai bakinsa, a ɗora itace, a buga a hankali. Dukan zaren kai tsaye da dutse ko guduma yana baje bakinsa, noti ba zai ƙara shiga ba.

9. Gajeren zoben tazara da ke tsakanin farantin birki da hannun baya zai faɗo. A tsince shi nan take. A ja taya zuwa dama ta rabu da faifai idan irin na biyu ne, a karkata babur kaɗan, a fitar da ita, a zare farantin birki a ajiye shi takalmansa na kallon sama.

Abin Dubawa Kafin Mayarwa

Tun da taya ta fito, dama ta samu. A zura yatsa cikin boris na kowane gefe a juya: in ya yi santsi, lafiya, in ana jin kamar tsakuwa, ya mutu. Boris da giris ɗinsa suna aikin da guringuntsi da ruwan gaɓa ke yi a gwiwar mutum, wato rage gogayya, kuma ƙurar hunturu da ta shiga ciki tana cin sa kamar yadda yashi ke cin tukunya wajen wanki. A duba robobin da ke cikin cibiya, waɗanda ke shanye fizgar inji kamar yadda fayafayan guringuntsi ke shanye girgiza a tsakanin ƙasusuwan gadon baya. Idan sun ragargaje, babur zai riƙa fizga wajen tashi. A bi wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasa su da sifana: mai lafiya tana ƙara, sakakkiya kuwa muryarta a dushe take. Haƙoran faifai da suka yi tsini suka karkata kamar ƙaya alama ce ta tsufa.

A tabbata mai faci ya shafa cikin taya da tsumma ya ciro ƙayar da ta yi ɓarnar. Idan ta karye a ciki aka bar ta, sabon faci ba zai kai gari na gaba ba. Ɗaliban ilmin halittu za su so su san cewa likitan dabbobi ne, John Boyd Dunlop, ya yi rajistar tayar iska a birnin Belfast a 1888, bayan ya ƙera wa ɗansa ita a keke mai ƙafa uku, ko da yake daga baya aka gano Robert Thomson ya riga shi tun 1845.

Lafiyar Mai Aiki

Baƙar ƙurar da ke cikin gangar birki ba abin hurawa da baki ba ce. An daɗe ana haɗa takalman birki da ma'adinin asbestos, kuma duk da ƙasashe da dama sun haramta shi, wasu masana'antu ba su daina ba. Zarensa siriri ne ƙwarai, yana shiga can cikin huhu ya maƙale, bayan shekaru masu yawa ya haddasa taurin huhu ko ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kowane nau'insa yana iya jawo ciwon daji. A goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, a jefar da tsumman.

Haka kuma yanka a hannu a hanyar gona ba abin wasa ba ne. Ƙwayar cutar tetanus, wadda ke sarƙe haƙora ta sandarar da jiki, tana zaune ne a cikin ƙasa da kashin dabbobi. Tsatsa ba ita ke kawo ta ba, sai dai ƙarfen da ya daɗe a ƙasa yakan ɗauko ta. A wanke rauni da ruwa da sabulu, a je asibiti a ji batun allurar rigakafi. Kada kuma a taɓa sarƙa inji yana aiki, domin haƙoran faifai ba sa bambanta tsumma da yatsa.

Mayarwa: Inda Haɗarin Yake

Mayarwa ita ce bin jerin da ke kan buhu daga ƙarshe zuwa farko. A zaunar da farantin birki cikin ganga, a shigar da taya, a tabbata kunnuwan faifai sun shiga tsakanin robobi, ko a ɗora sarƙa a kan haƙora. A goge aksil, a shafa masa giris ko ɗigon man inji kaɗan, amma kada maiƙo ya taɓa takalman birki, domin birki da gogayya yake aiki, maiƙo kuwa kashe ta yake yi. A ɗaga taya da katako har ramuka su daidaita, a zura aksil ta gefen da ya fito. Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A wannan aiki hakukuwan guda huɗu ne.

Na farko, zoben tazara. Notin aksil yana matse jerin ƙarafa ne da suka dafa wa juna tun daga hannun hagu, ta cikin zoben boris na ciki, har zuwa hannun dama. Idan aka bar zoben a cikin yashi, jerin ya yanke: hannuwan baya za su lanƙwaso ciki, taya ta karkace ko ta riƙa goga, boris ya lalace.

Na biyu, mariƙin faranti. Lokacin da aka taka birki, takalma suna kama gangar da ke juyawa, ita kuma tana ƙoƙarin jan farantin gaba ɗaya ya juya tare da ita. Mariƙin ne kaɗai ke hana wannan. Idan aka manta shi, ko notinsa ya kwance don ba a sa fin ba, a birkin farko mai ƙarfi farantin zai juya ya naɗe siririn ƙarfen birki, taya ta cije nan take ko birki ya ɓace ɗungum. Ga mai ɗauke da fasinja ko buhu biyu a gangara, wannan batun rai ne.

Na uku, sakin sarƙa. A yawancin ƙananan babura ana son tsakiyar sarƙa ta ƙasa ta yi motsi sama da ƙasa na santimita 2 zuwa 3, kusan faɗin yatsu biyu, sai dai in littafin babur ya faɗi wani adadi. Dalili shi ne hannuwan baya suna lilo ne a kan wata mahaɗa da ke bayan ƙaramin faifan inji, don haka idan nauyi ya danne babur, tazarar da ke tsakanin faifan biyu tana ƙaruwa, sarƙa ta ƙara ɗamewa. Wanda ya ɗame ta tamau babur ba kaya, sa'an nan ya ɗora masa dauren rake, yana neman tsinka ta. A juya taya a auna a inda sarƙar ta fi ɗamewa, a kuma tabbata alamomin da ke hannuwan baya sun yi daidai a gefe biyu don taya ta miƙe. Idan an buɗe mahaɗin sarƙa, rufaffen kan makullinsa ne ke fuskantar inda sarƙa ta nufa.

Na huɗu, fin ɗin notin aksil. Girgizar burji tana kwance noti sannu a hankali. Kafin a ɗaure, a juya taya a taka birki a riƙe, don farantin ya zauna a tsakiya, sa'an nan a ɗaure da cikakken ƙarfin hannu, a zura fin a buɗe ƙafafunsa. Sabo ya fi, domin ƙarfen da aka lanƙwasa aka miƙe sau da yawa yana karyewa. Idan babu, guntun waya mai kauri ko siririyar ƙusa za ta kai mutum gari. Wasu baburan suna da noti mai kulle kansa wanda ba ya buƙatar fin.

Daga nan a mayar da notin birki bisa adadin juyin da aka ƙirga, har matakin ya riƙa sauka santimita 2 zuwa 3 kafin ya kama. A juya taya a saurara ko tana goga. A dubi buhu: idan ko wosha ɗaya ta rage a kai, aiki bai ƙare ba. A gwada birki ana tura babur, a sake gwadawa a tafiyar sannu ba tare da kaya ba. Idan an isa gari, a ba makanike ya duba ɗaurin.

Aiki Don Aji

(a) A ɗaure noti a jikin katako, ɗalibai su kwance shi da ma'aunin nauyi mai sifirin da aka rataya a santimita 10, da 20, da 30 daga notin. A rubuta sakamako, a zana jadawali.

(b) A miƙa zare biyu daga tayar baya zuwa ta gaba, ɗaya a kowane gefe, suna taɓa gefen tayar baya a wuri biyu. Idan tazarar zaren da tayar gaba ba ta zama ɗaya a hagu da dama ba, me wannan ke nunawa?

(c) Noti yana buƙatar nuton-mita 54, sifana kuwa santimita 18 ce. Nuton nawa hannu zai bayar?

Kammalawa

Makanikan da ke bakin kasuwannin Ikara da Makarfi da Hunkuyi suna yin wannan aiki cikin 'yan mintoci, da yawansu ba su taɓa jin sunan Arkimidis ba, amma hannunsu ya san ƙa'idarsa. Ɗalibin sakandare kuma yakan haddace ƙa'idar don jarrabawa, bai taɓa riƙe sifana ba. Zai yi kyau malaman kimiyya na wannan yanki su gayyaci makanike ɗaya ya zo da babur farfajiyar makaranta, shi ya nuna yadda ake yi, malami ya faɗi dalili, kowane ɗalibi kuma ya ɗauki ƙarfe ɗaya daga kan buhu ya bayyana abin da zai faru idan aka manta shi.